Agadas ta biyu, in ji jadawali: to wa ya ƙirga Bukkoki?

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo cikin ofisoshin Yamai, ta gangara har rumfunan babbar kasuwar Maraɗi da kasuwar Dole ta Damagaram, wai mutanen arewa ba su da bakin kuka, tunda duk lokacin da masana suka auna jin daɗin rayuwar jama'a jiha-jiha, in aka cire babban birni, Agadas ce ke kan gaba. Masu wannan magana ba su ƙirƙiro ta ba, haka jadawalin ya nuna. A can Arlit kuwa, in ka karanta wa magidanci wannan jadawali, sai ya dube ka sama da ƙasa, ya tambaye ka ko ka taɓa shan ruwan garin, ko ka taɓa bin hanyar Tawa cikin motar kaya. Shi ma da hujjarsa. Tunda da irin waɗannan alƙaluma ake kafa hujja ranar rabon kuɗin ƙasa, wajibi ne ɗan kasuwa da ke biyan fatanti da ma'aikacin da ake yanka wa haraji tun kafin albashi ya shigo hannunsa su san abin da ke cikin lissafin, da abin da aka bari a waje.

Mu fara da ma'aunin kansa, don da yawa daga cikin masu jifa da shi ba su taɓa buɗe shi ba. A shekarar 1990 ne hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da raya ƙasashe, wadda muka fi sani da PNUD, ta fara fitar da rahoton ci gaban ɗan Adam, bisa jagorancin wani masanin tattalin arziki ɗan Pakistan, Mahbub ul Haq, da gudummawar abokinsa Amartya Sen na Indiya. Hujjarsu mai sauƙi ce: yawan dukiyar da ƙasa ke samarwa a shekara ba ya gaya maka ko ɗan talaka zai kai shekara biyar da rai. Sai suka haɗa abu uku, wato tsawon ran da ake sa ran jariri zai yi, da shekarun da mutane ke yi a makarantar boko, da abin da ke shiga aljihun mutum guda in aka raba dukiyar ƙasa daidai wa daida. Aka dama su wuri ɗaya, aka fitar da lamba tsakanin sifiri da ɗaya. Mun san inda wannan lamba ta saba ajiye mu. A rahoton 2020, Nijar ce ta 189 cikin ƙasashe 189. Magabata kan yi fushi na kwana biyu, jaridu su yi ta rubutu na mako ɗaya, sannan kowa ya koma harkarsa.

Abin da ba a cika tattaunawa ba shi ne, cikin wannan ƙasa ta ƙarshe ma akwai na gaba da na baya, kuma tazarar ba ƙarama ba ce. Babban binciken lafiya da yawan jama'a na 2012 ya nuna mace guda a Nijar tana haihuwar ƴaƴa 7.6 in an ɗauki matsakaici. A Damagaram 8.5 ne, a Maraɗi 8.4, a Agadas 5.7, a Yamai 5.3. Cikin yara dubu da aka haifa, waɗanda ke rasuwa kafin shekara biyar sun kai 190 a jihar Doso, alhali a Agadas 51 aka samu. Binciken talauci na 2005 ya ce kashi 62 cikin ɗari na ƴan ƙasa matalauta ne, amma a Maraɗi, wadda muke kira cibiyar kasuwanci, abin ya kusa kashi 80. Duk wanda ya ga waɗannan lambobi ya ce Agadas ta fi, ba a ce ya yi ƙarya ba. Tambaya ita ce: wace Agadas?

Jihar ta fi rabin faɗin ƙasar nan, murabba'in kilomita sama da dubu 660. A ƙidayar 2012 mutanenta 487,620 ne, cikin ƴan ƙasa miliyan 17 da ɗoriya, wato ba su cika kashi 3 cikin ɗari ba. Damagaram, Maraɗi da Tawa kowacensu ta haura miliyan uku. Kusan rabin mutanen Agadas a gari suke zaune, a lokacin da a ƙasa baki ɗaya kashi 16 ne kawai ƴan birni. To ko'ina a Nijar, mutumin gari ya fi na ƙauye kusanci da makaranta da ɗakin haihuwa da fanfo. In ka kwatanta jihar da rabinta gari ne da jihar da kusan dukanta ƙauye ne, kafin ka fara lissafi ka san wadda za ta ci. Wannan shi ne sirri na farko, kuma babu ruwansa da gata.

Na biyu shi ne garuruwan kamfani. An gano uraniyom a Azelik a 1957, Faransawa na neman tagulla suka ci karo da shi. Aka kafa SOMAIR a 1968, ta fara fitar da ƙarfe a 1971, aka gina Arlit dominta a filin da ba kowa sai makiyaya masu wucewa. Aka kafa COMINAK a 1974, ta fara aiki a 1978 cikin ramin Akuta mai zurfin mita 250, aka gina Akokan dominta. SONICHAR ta haƙo gawayi a Anu Araren kusa da Cirozerin, ta fara ba su wuta a 1981. Kamfanonin suka gina asibitoci biyu da ba kamarsu a duk arewacin ƙasa, suka gina gidaje masu ruwa da lantarki, da kantuna, da makarantu. Masu takardar sakandare da ta jami'a suka kwararo daga kowace jiha, har da ƴan Benin da Togo da Mali. Dattawa na tuna lokacin da ake kiran Arlit Paris ta biyu, sunan da wani ɗan Benin, Idrissou Mora-Kpai, ya sa wa fim ɗinsa na 2005, a lokacin da sunan ya riga ya zama abin ba'a. Saboda haka wani kaso na ilimin da jadawali ke rubuta wa Agadas, a Doso da Tawa da Yamai aka koye shi, mota ce ta kawo shi arewa. Ranar da aiki ya ƙare, mota za ta mayar da shi.

Ƴan kasuwa za su fi kowa gane abin da nake nufi. Ba wanda ke sayen buhun gero don ya ga na baki mai kyau ne. Sai an soke buhun daga tsakiya, an soke shi daga gindi. Matsakaicin lissafi na jiha, bakin buhu ne. Mu soke na Arlit mu gani.

Bayan shingen unguwannin kamfani akwai wani garin, wanda ba a tsara shi ba, shi ya tsiro da kansa. Sunan wasu unguwanninsa ya isa bayani: Bukkoki. Nan ne makiyayan da farin 1973 da na 1984 suka karkashe wa dabbobi suka zo suka kafa tabarmi da kwali, nan ne ƴan cirani daga kudu ke sauka, nan ne leburorin ƴan kwangila ke kwana, waɗanda ke shiga rami ɗaya da ma'aikacin kamfani, su shaƙi ƙura ɗaya, amma takardarsu daban, haƙƙinsu daban. Ƙidayar 2012 ta ba garin Arlit mutum kusan dubu 80. Ma'aikatan kamfanonin biyu, ko a lokacin da suka fi yawa, ƴan dubbai ne. Sauran jama'a suna rayuwa ne a inuwar albashin waɗannan: mai sayar da ruwa a kura, mai gyaran mota, mai tuwo-tuwo, maƙerin da ke sayen tarkacen ƙarfe. In ka fita gari kuma, ka nufi Gugaram ko Dannat ko ƙauyukan da ke cikin duwatsun Abzin bayan Iferwan da Timiya, za ka sami mace mai naƙuda wadda ke da tafiyar yini tsakaninta da ungozomar likita, da yaron da makarantarsa ke rufewa ranar da iyayensa suka tashi bin ciyawa.

Su waɗannan ma, sau nawa mai bincike ya kai gare su? Binciken kuɗin shiga da kashewar gidaje na 2007 zuwa 2008 ya zo daidai da tawaye, don haka a jihar Agadas bai wuce cikin gari ba. Na 2011 ya tsallake wasu sassan Arlit saboda wuyar zuwa da tazarar gidaje. Ba na zargin ma'aikatan cibiyar ƙididdiga ta ƙasa, sun rubuta haka da hannunsu cikin bayanin aikinsu, kuma ba wanda zai ce su taka nakiya don cika takarda. Laifin na wanda ya ɗauki lambar ne ya hau mumbari da ita, ya bar ƙaramin rubutun da ke ƙasan shafi.

Akwai kuma abin da ma'aunin bai san da shi ba sam. Bai auna ruwa. Bai auna iska. A 2003 wata cibiyar Faransa mai zaman kanta da ke auna tururin nukiliya, CRIIRAD, ta zo Arlit bisa gayyatar ƙungiyar Aghir In'Man ta Almustafa Alhasan, wanda shi kansa ma'aikacin ma'adinin ne. A Nuwamba 2009 ƙungiyar Greenpeace ta biyo baya, ta fitar da rahotonta a 2010. Cikin samfurin ruwa biyar da ta ɗiba a yankin, huɗu sun haura iyakar uraniyom da hukumar lafiya ta duniya ta gindaya wa ruwan sha. A wani titi na Akokan ta auna tururi da ya ninka wanda aka saba samu a muhalli kusan sau 500, saboda an yi cikon hanya da duwatsun da aka fitar daga rami. Ta kuma ƙiyasta cewa cikin shekara arba'in kamfanonin sun zuƙe lita miliyar 270 daga ruwan ƙarƙashin ƙasa, ruwan da ya taru tun zamanin da hamada ke da tafkuna, wanda damina ba ta mayar da shi. Areva ta musanta cewa jama'a na cikin haɗari, ta ce awonta bai wuce ƙa'ida ba, ta kwashe cikon titin, aka kuma buɗe cibiyar sa ido kan lafiyar tsofaffin ma'aikata a ƙarshen 2011. Kowa ya faɗi nasa. Abin da ya fi ba ni takaici, dukan awon nan baƙi ne suka yi shi, ko kamfani ko masu adawa da kamfani. Ƙasa mai shekara hamsin tana sayar da uraniyom, ya kamata a ce tana da nata awon da take bugawa duk shekara, wanda uban yara a Akokan zai karanta ya yarda. Wata ƴar garin, Amina Weira, ta yi fim a 2016 kan wannan ƙura da fargabar da ke tattare da ita, duniya ta kalla. Ban ga jadawalin da ya ba fargaba lamba ba.

Babban abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne wannan: ci gaban da aka auna a Arlit da Akokan, na kamfani ne. Kamfani ya haƙa rijiyar, kamfani ya ja wutar, kamfani ya kawo likitan. Gwamnati ta ga an ɗauke mata nauyi ta juya baya. Hausawa kuwa sun ce kayan aro ba ya rufe katara. Ran 31 ga Maris 2021 COMINAK ta rufe, bayan ta fitar da uraniyom tan dubu 75 cikin shekara 43. Ma'aikata kusan 600 suka karɓi kuɗin sallama, ɗaruruwan ma'aikatan ƴan kwangila suka tashi da abin da bai taka kara ya karya ba. Masu hali suka tattara iyali suka koma Yamai da Agadas da garuruwansu na asali, masu kanti suka rasa masu saye, masu gidan haya suka rasa ƴan haya. Abin da ba ya ƙaura shi aka bar wa gari: tsibin dusar ma'adini mai tururi kimanin tan miliyan 20, wanda aka yi alkawarin rufewa da yumɓu da duwatsu, wanda kuma zai ci gaba da zama haɗari bayan jikokin jikokinmu sun shuɗe. Ba wannan ne karo na farko ba. Farashi ya faɗi a farkon shekarun 1980, aka rage ma'aikata. Ya tashi a 2007, aka yi ta murna, Shugaba Tanja ya aza harsashin Imuraren a 2009, aka ce za ta zama mahaƙa mafi girma a Afirka. Haɗarin Fukushima na 2011 ya karya kasuwa, aka dakatar da aikin a 2014, aka sallami waɗanda aka ɗauka. Mahaƙar ƴan Sin a Azelik ita ma ba ta daɗe ba ta tsaya. Jin daɗin da ke hawa da sauka da farashin da ake yankewa a wata nahiya, ba a gina lissafin shekara ashirin a kansa.

To ina kuɗin ya tafi? A zamanin Janar Kunce, lokacin da uraniyom ke tashe, an soke lanho, talaka ya huta, wannan ba a manta ba. An gina hanyar Tawa zuwa Arlit. An kuma gina otal ɗin Gawai da babban zauren taro da dogayen benaye a Yamai, aka ci bashi a kan ƙarfen da ba a haƙo ba tukuna, bashin da ya kai mu hannun masu tsuke bakin aljihu, ya kai ma'aikata ga watannin da ba albashi a shekarun 1990. Rahoton da Oxfam da ƙungiyar ROTAB suka fitar a 2013 ya ce a 2010 uraniyom ya kai kashi 70 cikin ɗari na abin da muke fitarwa waje, amma bai kai kashi 6 na dukiyar da ƙasa ke samarwa ba. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A 2022 kashi ɗaya bisa huɗu na uraniyom da Tarayyar Turai ta saya daga nan ya fito, a lokacin da ko mutum ɗaya cikin biyar bai da lantarki a ƙasar nan.

Dokar ma'adinai ta 2006 ta zo da abin da arewa ta daɗe tana nema: kashi 15 cikin ɗari na harajin ma'adinai ya koma wa ƙananan hukumomin jihar da aka haƙo shi. Tsarin mulkin 2010 ya ƙara da cewa albarkatun ƙarƙashin ƙasa na al'umma ne, a buga yarjejeniyoyi a jaridar gwamnati kowa ya gani. Takarda ta yi kyau. Amma kuɗin sai ya shiga baitulmali a Yamai tukuna, kuma abin da ya shiga can ba ya fitowa da sauƙi. Shekara da shekaru magadan gari na jihar suna kukan bashin da ya taru, a ba su na bara a bana, a riƙe na bana sai an ga hali. Ƙananan hukumomi 15 ne a jihar. Wane ɗan kasuwa ne a Arlit zai iya faɗin nawa garinsa ya karɓa a shekara kaza, da abin da aka gina da shi? Ni ina ganin a nan laifi ya rabu biyu, don kuɗin da ya iso ma, ba ko da yaushe aka gan shi a rijiya ko aji ba.

Hanyar kuwa ta isa misali ita kaɗai. A yarjejeniyar da gwamnati ta sa hannu da Areva ran 26 ga Mayu 2014, bayan watanni ana ja-in-ja, kamfanin ya amince da dokar 2006, ya ɗauki alkawarin Yuro miliyan 90 don gyaran hanyar Tawa zuwa Arlit, da miliyan 17 don noman rani a kwarin Irhazer, da gina babban ofishi a Yamai. Ku lura da inda aka ce a gina ofishin. Hanyar da ta ɗauki uraniyom shekara arba'in zuwa tashar Kwatano, ita ce ta zama abin tsoron direbobi, har suka gwammace su sauka daga kwalta su bi rairayi a gefenta. Kowace taya da ta fashe, kowane kwana da mota ta ƙara a hanya, a kan farashin buhun shinkafa da na gero yake sauka, mutumin Bukkoki ne ke biya. Jadawali na iya cewa aljihun ɗan Agadas ya fi na ɗan Maraɗi nauyi. Bai gaya maka nawa tiyar gero take a Arlit ba.

Kada mutanen arewa su ɗauka wannan rubutu goyon baya ne ga masu cewa su kaɗai aka zalunta. Na sha jin wannan waƙa, kuma ta ci rayuka. An ɗauki makami a 1990 bayan abin da ya faru a Cintabaraden, aka sasanta ran 24 ga Afrilu 1995. Aka sake ɗauka a 2007 da sunan MNJ, rabon arzikin uraniyom na cikin manyan buƙatunsu. Wasu buƙatun gaskiya ne. Amma nakiyoyin da aka binne sun kori ƴan yawon buɗe ido, sun kashe sana'ar maƙeran azurfa da masu jagora, sun rufe makarantun daji, wato sun ƙara nisanta makiyayi da abin da aka ce ana yaƙi dominsa. Mai cewa kudu ta cinye arzikin arewa, ya je asibitin yara a Maraɗi ko Magarya lokacin bazara ya nuna mini inda arzikin ya sauka. A yunwar 2005, jihohin da ake kira rumbun ƙasa su ne suka fi binne yara. Maraɗi ta tara Alhazai da manyan motoci da shaguna, ta kuma tara ƴan mata da ake aurarwa kafin su gama firamare, da gonakin da aka rarraba wa magada har suka koma kamar tabarma. Ita ma bakin buhunta daban, gindinsa daban.

In ana neman shaida guda da ta haɗa jihohin nan wuri ɗaya, ga ta. A watan Oktoba 2013 aka tsinci gawarwaki 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocinsu sun lalace, ƙishirwa ta gama da su. Mafi yawansu mata ne da yara, kuma akasarinsu daga yankin Kance suka fito, cikin jihar Damagaram, za su bara a Tamanraset. Sun baro jiha mai ƙaramar lamba, sun ratsa ta gaban mahaƙar da ke haska biranen Turai, sun mutu cikin jiha mai babbar lamba. A wane layi na jadawalin za a rubuta su? Haka samarin Tawa da Maraɗi suka cika Jado da Cibarakaten tun da zinariya ta ɓulla a 2014. Talakan kudu da talakan arewa sun daɗe da sanin juna a tashar mota. Masu raba su, a ofis suke.

Yanzu al'amari ya sauya, kuma shi ya sa maganar ta zama ta gaggawa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, hukumomin soja sun karɓe lasisin Imuraren daga Orano, magajiyar Areva, a Yuni 2024, suka karɓe na Madawela daga wani kamfanin Kanada a wata na gaba, sannan a Yuni 2025 suka mayar da SOMAIR mallakar ƙasa, wadda kafin nan Orano ke da kashi 63 cikinta. Jama'a da yawa sun yi tafi, kuma duk wanda ya san tarihin yarjejeniyoyin da aka ɗaure mu da su tun 1961 zai gane dalilin tafin. Sai dai kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Da can in ruwa ya gurɓace, a nuna Bafaranshe. In asibiti ya rasa magani, a nuna Bafaranshe. Wanda ya karɓi rami ya karɓi dusar da ke bakinsa, ya karɓi huhun tsohon ma'aikaci, ya karɓi albashin ƙarshen wata ko an sayar da ƙarfe ko ba a sayar ba. An kuma rusa majalisun ƙananan hukumomi a Afrilu 2024, aka naɗa masu riƙo. Magajin gari zaɓaɓɓe, kome lalacewarsa, yana iya zuwa Yamai ya buga tebur a kan kashi 15, don ya san zai dawo ya fuskanci waɗanda suka zaɓe shi. Wanda aka naɗa da takarda, wa zai buga wa tebur?

Abin da nake nema bai fi ƙarfin kowace gwamnati ba. A daina tsayawa ga lamba takwas don jihohi takwas. A fitar da lissafin gunduma-gunduma, har ƙaramar hukuma, yadda za a ga Arlit daban da Gugaram, a ga birnin Maraɗi daban da Dakoro, a cikin Arlit ma a ware unguwar kamfani da Bukkoki. Cibiyar ƙididdiga na da ƙwararrun da za su yi, kuɗin mai da tsaro suke buƙata don su kai ga rugar da ba a taɓa kaiwa ba. In za a raba malamai da ungozomomi da rijiyoyi, a bi wannan lissafi, ba yawan ministocin da jiha ta haifa ba. In aka yi haka, kudu za ta sami kaso mafi tsoka, don can jama'a take, can yara suka fi mutuwa, kuma ɗan arewa mai adalci ba zai ja ba. Amma kuɗin gyaran ɓarnar haƙa, da na ruwan da aka zuƙe, da na ranar da ramin SOMAIR shi ma zai ƙare, wannan bashi ne daban, ba a biyan sa da cewa ai kun zo na biyu.

Sannan a liƙa takarda a ƙofar kowace ma'aikatar magajin gari, daga Ingal har Bilma, da Faransanci da Hausa da Tamashek: ga abin da aka haƙo bana, ga harajin da ya shiga, ga kashi 15, ga ranar da aka turo shi, ga abin da ya rage bashi. Haka a Difa da Damagaram game da man Agadem da matatar SORAZ, haka a Tilaberi game da zinariya. Ƙungiyoyin ƴan kasuwa na Arlit da na masu motocin sufuri, da ƙungiyoyin ƙwadago na ma'adinai da na malamai, suna da nauyin da za su nemi wannan takarda a rubuce, su sa hannu, su ajiye kwafi. Kuɗin buga ta bai kai na taya ɗaya da hanyar Tawa ke ci ba.